Tsawa da 'Yar Kwali

"…Ya kuma ƙarfin jiki, angona? Ko in ce ya raunin jiki, tunda ƙarfin ya daɗe da yi maka sallama?"

"Lafiya lau, Kofur. Na ji ƙasa tana girgiza, na ce ko motar yashi ce ta shigo mana gida. Ashe takalmanki ne."

Ina tsaye a tagar kicin da ludayi a hannu, ba abin da nake juyawa. Baba, surukina, yana zaune a kujerarsa ta katako a gindin mangwaro, ƙafa ba takalmi, bindigarsa kwance a cinya. Wadda ta shigo kuma autata ce, ma'aikaciyar gandun daji, cikin kakinta. Ba kofur ba ce, ko igiya ɗaya ba ta da ita, amma ranar da ta fara sa kaki kakanta ya ba ta muƙamin, kuma har yau bai ƙara mata girma ba.

Bindigar sunanta Tsawa. Ta toka ce, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda. Yayansa marigayi, maƙeri, shi ya ƙera masa ita tun kafin a haifi mijina. Da ita yake korar birai daga masararsa a bayan gida.

Matsalar ita ce Baba ya fara mantuwa. Jiya da yamma ta wannan tagar na gan shi ya ɗura ta, ya jingine. Yau da safe maƙwabci ya leƙo ya ce birai sun dawo, sai na ga Baba ya ɗauko gwangwanin albarushi ya sake ɗura ta a kan na jiya. Wanda na gani ke nan, Allah kaɗai ya san wanda ban gani ba. In ya harba ta a haka, hannunsa za ta fara ci kafin ta kai ga biri.

To wa zai faɗa masa? Ni dai bakina ba zai iya ba, ko ido ba na haɗawa da shi. Maigidan nawa, jarumi, sau ɗaya ya gwada cewa a ajiye bindigar nan, Baba ya daina amsa gaisuwarsa har sai da aka sa baki. Tun daga nan in an ambaci Tsawa sai ya tuna yana da wayar da zai amsa, yau ma yana kan hanya da motarsa. Abin da na iya shi ne na ɓoye takalman gonar Baba a kwandon wanki, na kira Auta. A gidan nan ita kaɗai ke iya gaya masa magana ya yi dariya.

"Ina saƙona?" in ji Baba. "Na aike ki albarushi tun ina saurayi."

"Kai ka taɓa yin saurayi? Ai an ce da gemunka aka haife ka."

"Miƙo, sarkin surutu."

Ta sa hannu a jaka ta ciro danƙon harbin tsuntsu, irin na yara, ta ɗora masa a gwiwa.

"Mene ne wannan?"

"Makami daidai shekarunka. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba ya kurmanta mutum."

"La ilaha illallahu! Ni za ki kawo wa danƙo? Na sake ki, Kofur."

"Wannan saki na nawa ke nan? Wancan zuwan ma ka sake ni, da na ciro lemo ka mayar da ni."

"Lemon ma tsami ne da shi kamar fuskarki. Ina albarushina? Gwangwanin nan kwanan nan na cika shi, ga shi har ya kusa ganin gindi. Na san ke ce ke sata kina yin kwalli."

"Da albarushi zan yi kwalli?"

"Shi ya sa in kin harari mutum yake jin zafi."

Auta ta yi dariya, amma na ga idonta ya sauka kan bindigar. Ta ja turmi ta zauna a gefensa, ta sa yatsa ɗaya ta ture bakin Tsawa ya kalli katanga, kamar wasa.

"Kawar da tsohuwar nan daga kaina, kada ta yi mini tari."

"Tsawa ba ta tari, magana take yi. Ba kamar wata ba. Ya jikin 'Yar Kwali? Ta farfaɗo?"

'Yar Kwali ita ce bindigar da aka ba Auta a wurin aiki, sabuwa fil daga ƙetare, a kwalinta ta zo. Labarinta ya zama wa Baba abin tauna safe da yamma.

"Tana hutawa," in ji Auta.

"Hutawa! Wane aiki ta yi? Tsaya in tuna miki, tunda ke yarinya ce, mantuwa ta yi miki yawa. Aladen daji ya fito, haƙora kamar lauje. Kofur ta gyara tsayuwa, ta saita, ta ja kunama. Me bindigar ƙetare ta ce?"

"Ba ka wurin."

"Ta ce ƙyas! Kamar an taka busasshen ganye. Sai Kofur ta sake ja. Me ta ce?"

"Allah ya shirye ka, tsoho."

"Ƙyas! Sai ga Kofur a saman bishiya, ta riga biri kaiwa. An ce har yau biran dajin nan suna zuwa wurinki ɗaukar darasi."

"Dabara ce ta aiki. Daga sama ake nazarin abokin gaba."

"Nazari har rana ta faɗi? An ce aladen ya kwanta a gindin bishiyar ya yi matashi da bindigar."

"Wanda ya faɗa maka maƙaryaci ne. Shinshina ta kawai ya yi."

"Ya shinshina ya ji ba kowa a ciki, ya yi tafiyarsa."

"To ai ba laifinta ba ne. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye a ciki, bai kai farcen jariri ba."

"Sai a sa wani."

"An aika a kawo."

"Daga ina?"

"Daga inda aka ƙera ta."

"Tun yaushe?"

"Yana hanya."

"A ƙafa yake zuwa?"

Na toshe bakina da gefen mayafi. Ko a wannan halin, tsohon nan sai ya sa mutum dariya.

"Ki ji nan," ya ci gaba, yana shafa ƙotar Tsawa. "Ranar da kunamar wannan ta karye, yayana ya cire ƙarfe a jikin tsohon keke, ya sa a wuta. Kafin shayina ya huce ta dawo tana aiki. Ita taku, in ta yi mura sai an yi wa masu ita waya a tambaye su ko sun tashi daga barci."

"Tamu da littafinta ta zo, harsuna iri-iri a ciki."

"Da wanne ta yi wa aladen magana?"

"Tamu tana hango abu daga nan har bakin titi."

"Hangowa kuma ai ko ni ina yi, ba a biya ni."

"Kai da kake gaida turmi da safe ka ɗauka Mama ce?"

"Turmin ya fi ki ladabi, ba ya mayar da magana."

"To bari mu zo kan taka, tunda ka tono. Wa ya ƙone maka rabin gemu, ka yi wata kana yawo da fuska kamar gonar da aka share gefe ɗaya?"

"Iska ce ta juya."

"Wa ya kashe bokitin maƙwabci?"

"Bokitin ne ya shiga tsakani."

"Wa ya kashe maka kunnen dama?"

"Me kika ce?"

"Ka ji ai!"

"Na kashe shi da kaina saboda ke, in kin zauna ta wannan gefen in huta."

"Ita fa Tsawa in ta tashi, hayaƙi ne ke rufe mai harbi. Biri ya ƙoshi, ya ɗebi guzuri, ya yi wa iyalinsa sallama, kai kana nan kana tari kana neman hanyar gida."

"Ƙarya kike! Akwai shekarar da ruwa ya ƙi sauka, na ɗaga ta sama na saki ɗaya. Kafin in sauke hannu an fara yayyafi."

"Tsuntsaye ne suka tsorata suka yi maka a ka."

"Marar kunya. Ke wa ya rene ki ne?"

"Kai."

"Shi ya sa."

Sai ya dafa hannun kujera ya fara laluben ƙasa da ƙafa.

"Ina takalman nan suka shiga ne? Tun ɗazu nake nema. To ko babu su zan tafi, ba zan zauna ina hira da mai hawa bishiya birai suna cinye mini masara ba. Miƙo mini gwangwanin can in ɗura ta."

Ludayin ya kuɓuce mini ya faɗi. In ɗura ta, in ji shi.

Auta ta ɗauki gwangwanin, amma maimakon ta miƙa masa sai ta sa shi a cinyarta ta rufe da hula.

"Tsaya tukuna, ban gama da kai ba. Ka san abin da ya sa tamu ta fi taku? Gwaji. Kowace ɗaya sai an gwada ta da na'ura kafin ta bar masana'anta. Ku kuwa sai dai a ƙera a ce Allah ya kiyaye."

Baba ya koma ya zauna. An taɓo inda yake masa ƙaiƙayi.

"Gwaji? Ke kin san gwaji? Yayana bai taɓa miƙa wa mutum bindiga hannu da hannu ba sai ya kai ta bayan gari. Ya ɗaure ta tamau a jikin ice, ya ƙulla doguwar igiya a kunama, kowa ya koma nesa ya kwanta, sannan ya ja. In ta tsaya, taka ce. In ta fashe, ice ta ji wa ciwo, shi kuma ya koma maƙera ya fara sabuwa."

"Kai, ashe yayan naka ya fi ka hankali."

"Ya fi ubanki ma."

"Wannan kuma tsakaninka da ɗanka. Ita wannan sandar fa, ɓera ne ya ci ta?"

Ta zaro sandar ɗuri daga ƙarƙashin bututun, ta nuna wata 'yar tsaga kusa da kanta.

"Ɓera! Ji jahilci da kaki. Wannan aikin yayana ne, da zarto ya yi ta. Ita ce bakin bindigar. In ba komai a ciki, ki saka sandar, tsagar za ta shige ta ɓace. In an ɗura, tsagar za ta tsaya daidai leɓe. Ba littafi, ba harsuna iri-iri. Makaho ma da yatsa zai karanta."

"Ban yarda ba."

"Kawo ki gani. Yanzu ba komai a cikinta, za ki ga ta haɗiye tsagar."

Ya tsayar da Tsawa a ƙasa, Auta ta karkatar da bakin can gefe. Ya zura sandar, ya sake ta.

Sandar ta yi ƙwas ta tsaya. Tsagar ba ta shige ba, ba ta kuma tsaya a leɓe ba. Tana can sama, tsakaninta da bakin bindigar ya fi faɗin tafin hannu.

Baba ya zare ta ya duba, ya goge da bakin riga, ya sake sakawa a hankali. Nan ta sake tsayawa. Ya sa babban yatsa ya shafa tsagar, ya shafo har zuwa leɓen bututun, kamar mai auna abin da ba ya so ya sani.

"Kofur."

"Na'am, Kaka."

Rabon da in ji ta kira shi Kaka, na manta.

"Ke kika taɓa ta?"

"Yanzu na shigo, a gabanka."

Ya daɗe yana kallon sandar. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na kira yarinyar. Mutumin da ya koya wa rabin unguwar nan riƙon bindiga, yau sandarsa ce ke gaya masa abin da muka kasa.

"Ashe ba ɓarawo ne ke shan albarushina ba," ya ce a hankali.

Auta ta share ido da bayan hannu, ta gyara murya.

"Ai na daɗe ina faɗa, haɗama ce da bindigar nan kamar mai ita. Ta ci na safe, ta ci na rana, ta ci na dare, in an tambaye ta ta ce ba a ba ta komai ba. Jiya Mama ta ce sau biyu ka karya kumallo."

"Na farkon gwaji ne."

"To ka ga ni, a gida ta koya."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ɗaga murya yadda za ta kai taga.

"Ki ce wa uwarki ta ciro mini takalmina daga kwandon wanki kafin su ɗauki warin sabulu. Ta haɗo da igiyar shanya. Abin da na zuba ne na manta, ban makance ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fito da takalman a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, kaina a sunkuye, na durƙusa na ajiye. Auta kuwa sai ƙunshe dariya take yi.

"Mu kai ta wurin maƙeri ya kwashe cikin mana," in ji ta.

"Wane maƙeri? Masu ƙera murhu? Ba mai sa hannu a cikin Tsawa. Yadda yayana ya koya mini, haka za a yi. Amma da sharaɗi, Kofur. In ta tsaya, ta ci jarrabawa, ba mai sake yi mini maganar ajiye ta a gidan nan. Ke kuma ki tsaya a tsakar gida ki ce ƙirar gida ta fi ta kwali."

"In ta fashe fa?"

"Ba za ta fashe ba."

"In ta fashe, ka ɗauki danƙo."

"Na ji. Ai ba za a kai nan ba."

Muka bi ta ƙofar baya, Auta na riƙe da bindigar bakinta a ƙasa, danƙon kuma ta mayar aljihunta, Baba na gaba yana dogara sandar ɗuri, ni a baya kamar wadda aka aika. A ƙarshen gonar akwai wani tsohon kututture, bayansa fili ne, ba gida ba hanya. Can cikin masara kuwa ana jin birai suna ɓarna hankali kwance.

Shi ya ɗaure ta da kansa. Hannun da ke rawa in zai ɗauki kofi, a kan ƙulli bai yi rawa ba. Ya ja igiyar har bayan tsohon tankin ruwa, muka durƙusa mu uku. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah ya lalata kayan wani ba sai ranar. In ta tsaya, gobe ma zai ɗura ta sau biyu, kuma ba igiya a tsakaninsu.

"Toshe kunnenki, Kofur, yau za ki ji yadda bindiga ke magana. Ko kina so in nemo miki bishiya tukuna?"

"Ja mu gani, tsoho."

Ya yi bismillah ya ja.

Ƙyas.

Shiru. Wani biri ma ya leƙo daga cikin masara da zangarniya a baki. Auta ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Me ta ce? Ango, me ta ce? Ashe ta iya harshen ƙetare!"

"Igiyar uwarki ce ba ta da kyau. Sake ni in duba."

Ya yunƙura zai miƙe. Auta ta cafke bayan rigarsa da hannu biyu ta dawo da shi ƙasa, dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Zauna! Ba a zuwa wurin wadda ta yi ƙyas, kai ka koya mini."

"Ke, sake mini ri…"

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Na dai ji ta a haƙorana. Tankin ya amsa, wani abu ya wuce ta samanmu yana fito, hayaƙi ya rufe kututturen. Birai kuwa suka watse da ihu, manya na taka ƙanana, har wanda ya leƙo ya bar zangarniyarsa.

Da hayaƙin ya lafa muka matsa. Bututun ya dare gida biyu, ya bankaɗe kamar ɓawon ayaba. Ɓawon kututturen ya sale, igiyata ta ƙone. Inda ƙarfen ya yage kuwa, daidai wurin da katakon ya yi baƙi ya yi santsi ne, wurin da hannun hagun Baba ya saba riƙewa.

Ya tsaya yana kallon wurin. Sai ya ɗaga hannun hagunsa ya juya shi gaba da baya, ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ni dai hawaye ne kawai ke zuba, ban ma damu da ɓoyewa ba.

Ya sunkuya ya ɗauki ƙotar, ita kaɗai ta fita lafiya. Ya share mata toka da hannun riga, a wurin da yayansa ya yi mata alama da ƙarfe mai zafi.

"Kin dai gani da idonki," ya ce. "Ko a ranar mutuwarta sai da ta kori birai. Taki fa?"

"Tawa aƙalla ba ta taɓa neman hannuna ba."

"Ina za ta nema, ita da ko gaisuwa ba ta amsawa?"

"To ɗaya ta ƙi magana, ɗaya ta yi magana har maƙogwaro ya yage. Wa ya ci?"

"Alade da biri."

Auta ta yi dariya, ta kama hannun nasa na hagu ta riƙe gam kamar za a ƙwace mata.

"Sake ni, mutane za su ce sona kike."

"Wa zai so ka? Hannun nake so. In babu shi wa zai riƙa ja mini kunne?"

"Da na daman."

"Na daman na riƙe kofi ne."

Ya zare hannun, ya ɗauki sandar ɗuri ya miƙa mata.

"Ungo. Duk gidan nan, da mai ɓoye takalmi da mai amsa waya, ita kaɗai ta iya gaya mini gaskiya a fuska. Ki riƙe ta. In kin ga na fara ɗura wani abin sau biyu, ko magani ne ko magana, ki zo ki nuna mini tsagar."

"Ai kullum sai in zo ke nan."

"To wa ya hana ki? Da ma 'Yar Kwali ba ta da aikin da za ta ba ki."

Ya ɗan juyo gefena, bai kalle ni ba, ya yi wa kututturen magana.

"A gaya wa mai igiya, Allah ya yi mata albarka. Ta kuma daina yar da ludayi, ana ji har gindin mangwaro."

Na ce amin a cikin mayafi.

Ya sa ƙotar a hammata, ya miƙa wa Auta tafin hannu.

"Kawo abin naki."

"Wane abu?"

"Kada ki sa in faɗi sunansa a gaban gawar Tsawa."

Ta ciro danƙon daga aljihu ta ɗora masa. Ya juya shi, ya ja robar ya saki, ya ƙanƙance ido yana dubawa kamar mai sayen doki.

"Tsaya tukuna. Wannan ƙirar ina ce? In ta kwali ce, ki mayar."

"Icen na bayan gidanku ne. Robar kuma ta tayar mota ce, daga ƙetare ta zo."

Baba ya dube ta, ya dubi danƙon, sai ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa kututturen.

"Shi ke nan, kin gama da ni, Kofur. In ya ƙi tashi ban san wanda zan zaga ba. Tsinto mini duwatsu, na mayar da ke."